Karofi Ɗaya

Tsahiru ya san lambar kowace tirela
da ke ratsa Maraɗi ta nufi Ɗan Isa.
Tambaye shi wacce ta fara wucewa ran Laraba,
zai ba ka lamba, da launin tamfol,
da tayar da ta fi sauran sulɓi.
Ka ce masa, "Kai, ka cika mini kunne,"
sai ya matso ya leƙa
ya ga da me ya cika shi.

Mushe ya aiko daga lakwal:
yaronka akwai kai, amma babu kunya,
yana gyara mini lissafi a gaban yara.

Ƙanensa Ilu shekara bakwai,
bai taɓa ce mini Baba ba.
Yana jera marafan kwalba a bakin zaure,
ja da ja, kore da kore,
kaza ta ture ɗaya, unguwar Mokoyo ta ji kuka.
Maƙwabta suka ce iska ne.
Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi,
iskan bai ko yi tari ba.

A babban asibiti likita ta ajiye biro.
Ta ce irin na Tsahiru da can Asfaja ake kira,
sunan wani likitan Turai,
irin na Ilu kuwa galahanga.
Yanzu masana sun rushe katangar tsakani,
gida ɗaya ne, ɗakuna ne da yawa.

Na ce, Madam, ki dai sake dubawa.
Wannan rediyo ne da ba ya cin batir,
wancan rijiya ce, ka jefa dutse ba ka jin ƙara.
Wane suna zai ɗauke su su biyu?
Ta ce je ka gida ka duba abin da suke gudu.

Na duba.
Injin niƙan Hajiya Tsahara ya tashi,
hannu huɗu suka rufe kunne huɗu.
Uwarsu ta sauya wa randa wuri,
ɗaya ya yi ta tambaya har magariba,
ɗaya ya ƙi cin tuwo.
Ka nemi idonsu, duka biyun
kafaɗarka suke kallo.

Ni marini ne, ɗan marini.
Washegari ina bakin karofi, muciya a hannu,
na dubi igiyar shanya:
ga mai ruwan sararin safiya,
ga shuɗi, ga wanda ya kusa baƙi yana sheƙi,
ga na ƙulli da ruwan ya kama nan ya bar can.
Toka ɗaya, baba ɗaya, rami ɗaya.
Shekara talatin ban taɓa cewa
wannan rini ne, wancan wani abu daban ba.

Sai dai kar a ce mini na Tsahiru mai sauƙi ne.
Ni na gan shi bayan an tashi lakwal,
a bayan rumbu, gwiwa a ƙirji,
yana rawar jiki kamar mai masassara,
wai yara sun yi dariya, bai san ta mece ce ba.
Zane ko bai yi duhu ba,
ruwan ya ratsa shi har zare.

Kuma kar a ce Ilu ba kowa a ciki.
Ran da zazzaɓi ya kayar da ni
ya kawo marafansa duka, har jajayen,
ya jera su kewaye da tabarmata.

Jiya ya biyo ni marina.
Ya tsoma yatsa a kumfar karofi,
ya ɗaga, ya daɗe yana kallon
koren yana komawa shuɗi a iska.
Can ya ce, "Baba."

Ban san ko ruwan yake nufi ba, ko ni.
Tsahiru ya ce ruwan ne mana,
ai shi yake kallo.
Ni dai na amsa.